Jan Gizo-gizo a Bayan Ganyen Okid: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Okid fure ne mai nawa. Irin da ya fi yawa a shagunan furanni na Turai da Amurka da Asiya, wato Phalaenopsis, ganye ɗaya ko biyu yake fitarwa a shekara, kuma duka-duka abin da yake riƙewa a jikinsa bai cika wuce ganye biyar ko shida ba. Abokin gabarsa kuwa, jan gizo-gizo, ba ya ɓata lokaci: idan ɗumin ɗaki ya kai digiri 30, cikin kusan mako guda ƙwai ya zama uwa mai zuba nata ƙwan. Ganyen da ya tsotse ba ya warkewa. Tabon yana nan har ranar da ganyen zai faɗi, sabo kuma sai an yi watanni ana jira. Shi ya sa ya kamata duk mai tukunyar okid a bakin taga ya san halin wannan mitsitsin halitta tun kafin su haɗu.

Ba dangin sauro da fara ba ne. Ɗan'uwan kaska ne da kunama. Yana ƙyanƙyashewa da ƙafa shida, sai ya yi saɓar farko sannan biyu su ƙaru su cika takwas. Wannan magana tana da nauyi ga mai sayen magani, domin da yawa daga magungunan da aka haɗa don ƙwari masu ƙafa shida ba sa yi masa komai.

Tsawon babbar mace bai wuce rabin milimita ba. A karkaɗa ganye a kan farar takarda, abin da zai zubo sai ka ce garin barkono, har sai an ga ɗigon ya fara tafiya. Masanin Jamus Carl Ludwig Koch ne ya yi bayanin wanda ya fi shahara a cikinsu, Tetranychus urticae, a 1836, kuma danginsa sun haura iri 1,200.

Sau da yawa ma ba ja ba ne. Kore-kore ne mai sirkin ruwan ɗorawa, da baƙaƙen ɗigo biyu a gefe da gefe. Ɗigon nan abincin da ke cikinsa ne ake hangowa ta fatarsa, saboda rashin kaurinta. A ƙasashen sanyi, idan yini ya fara gajarta, matan sukan rikiɗe su koma ja mai ruwan lemo, su daina ci, su daina ƙwai, su shige tsagar bango ko bakin tukunya har ɗumi ya dawo. A ɗakin da ake kwana da fitila da na'urar ɗumama iska kuwa, yawancinsu ba sa wannan hutu. A nan ne ma kakarsu take yanke saƙa, domin na'urar tana busar da iskar ɗaki ƙayau, alhali okid ya fi son laima mai kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Na'urar sanyaya ɗaki ma ruwan da ke cikin iska take zuƙewa. Abin da ke raunana furen shi ne ke ƙarfafa ƙwaron.

Sinadarin da ke ba su wancan jan launi dangin wanda ke cikin karas da manja ne. Dabbobi kusan duka daga abinci suke samunsa, amma jan gizo-gizo da kansa yake haɗa nasa, da ƙwayoyin gado da suka shiga zuriyarsa daga wata fumfuna tun zamani mai nisa.

Gizo-gizo na gaske ta bayansa yake fitar da zare. Wannan ta wajen baki yake fitarwa, kuma zaren siriri ne ƙwarai, sai a jera kusan guda dubu ashirin kafin a cika faɗin milimita ɗaya. Saƙar ba tarkon kama abinci ba ce. Rumfa ce da ke kare ƙwai daga ruwan sama da maharba da feshin magani, sannan hanya ce ta tsallakawa daga ganye zuwa ganye. Duk lokacin da ido ya fara ganin saƙa a tsakanin ganyen okid, an daɗe da yin baƙi. Idan abinci ya ƙare kuma sukan taru a ƙarshen ganye mafi tsawo, su dunƙule cikin zare wuri guda, su jira iska ko wata dabba ta kwashe su. A cikin gida fanka da labule da hannun riga ne ke yi musu wannan aiki.

Me ya sa kullum a bayan ganye? Akwai wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV-B, yana kashe su yana kuma hana ƙwansu ƙyanƙyashewa. Masahiro Osakabe da abokan aikinsa a Jami'ar Kyoto sun yi aiki mai yawa a kan wannan, har ta kai wasu manoman sitiroberi a Japan suna kunna fitilar wannan haske da dare, su shimfiɗa farin leda a ƙasa don hasken ya dawo ya bugi bayan ganye. Gilashin taga kuwa yana tare mafi yawan wannan haske, don haka furen bakin taga yana samun zafin rana ba tare da wannan kariya ba.

Bakinsa allura ce. Yana cusa ta tsakanin ƙwayoyin fatar ganye ko ta ƙofofin numfashinsa, ya zuƙe ruwan ƙwayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya. Iska ta cika gurbin da ya bari, shi ne ganyen yake ɗaukar launin azurfa, daga baya ya koma ruwan ƙasa. Okid masu ganye marar kauri sun fi shan wahala: Cymbidium, Catasetum, Lycaste, Phaius, Oncidium da Dendrobium da yawa. Cattleya mai ganye kakkaura ta fi tsira.

* * *

Wajen haihuwa ne al'amarin ya fi ban mamaki, kuma nan ne asalin ƙarfinsa.

Ƙwan da namiji ya ba shi iri mace yake zama. Wanda bai samu iri ba namiji yake zama. Ke nan namijin jan gizo-gizo yana da uwa, ba shi da uba. Mace guda da ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba, idan iska ta jefa ta kan fure, za ta zuba ƙwai su fito maza zalla, ta yi barbara da ɗaya daga cikinsu, daga nan ta shiga haifar mata. A gari mai lafiya mata sun kai uku ga kowane namiji ɗaya, kuma kowace tana iya zuba ƙwai wajen ɗari a rayuwarta ta mako biyu zuwa huɗu. Mace ɗaya tak da ta tsira a cikin kuɓen ganye ta isa ta mayar da aiki baya.

Namijin da ya fara barbara da mace shi ne uban kusan dukkan 'ya'yanta mata. Saboda haka maza sukan je su tsare budurwar da ke kwance tana jiran saɓar ƙarshe, su yi awoyi a kanta, suna faɗa da duk wanda ya matso. A 2023 Peter Schausberger da abokansa a Jami'ar Vienna suka ba da rahoton cewa namijin ba ya ma jira ta gama saɓar: da fatar ta fara tsagewa sai ya sa baki ya janye tsohuwar fatar ta baya don ya riga kowa.

Rashin uba yana da wani sakamako da ya shafi mai feshi kai tsaye. Namiji kwafi ɗaya ne da shi na kowace ƙwayar gado, babu na biyu da zai rufe shi. Idan yana ɗauke da abin da ke jure magani, zai rayu ya gadar da shi ga 'ya'yansa mata duka. Idan ba shi da shi, ya mutu ya ba da wuri. Haɗa wannan da zuriya uku ko huɗu a wata guda, sai a gane dalilin da ya sa wannan ƙwaro yake sahun gaba a duniya wajen gagarar magani: an samu ya jure sinadarai fiye da 90.

A 2011 aka wallafa taswirar ƙwayoyin gadonsa a mujallar Nature, ƙarƙashin jagorancin Miodrag Grbić. Ta kasance mafi ƙanƙanta da aka taɓa karantawa a dangin ƙwari da gizo-gizo a lokacin, amma cike take da makaman warware guba. Da su yake cin tsirrai fiye da iri 1,100. Har gubar sayanaid, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci, yana da maganinta a jikinsa, kuma ƙwayar gadon da ke wannan aiki daga bakteriya ta fito.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ba a lissafa shi cikin manyan maɓarnata. Bayan DDT da ire-irensa sun cika gonaki ne ya yi suna, domin maganin ya share maharbansa ya bar shi. Akwai ma magungunan da ke ƙara masa haihuwa, irin su kabaril. A lambun Central Park na birnin New York an ba bishiyoyin elm maganin imidakulofirid don kare su daga wani buzuzu mai huda itace, sai wani ɗan'uwan jan gizo-gizo, Tetranychus schoenei, ya mamaye su. Binciken da aka wallafa a 2011 ya nuna maganin ya illata maharba, ya kuma sa matan ƙara zuba ƙwai. Wannan sinadari yana cikin magungunan furen gida da yawa da ake zubawa a tukunya. Abin yana damuna, domin mutum ya sayo shi ne don ƙaunar furensa, ya ga azurfa a ganye ya ƙara zubawa, bai san yana kiwon ɓarawonsa ba ne.

* * *

Akwai wani dangi da ya fi wannan iya ɓuya. Jikinsu a baje yake, sun fi ƙanƙanta, ba sa sauri, kuma ba sa saƙa ko kaɗan. Tenuipalpus pacificus shi ne ya fi addabar Phalaenopsis, yana barin ƙananan ramuka da tsatsa-tsatsa a sama da ƙasan ganye. Mai jiran ya ga zare kafin ya yarda da ƙwaro, waɗannan za su cinye masa fure yana zargin rana ko taki. Sukan ɗauki wata guda ko fiye kafin su girma, kuma laima ba ta korarsu yadda take takura wa mai saƙa.

Ɗaya daga cikinsu, Brevipalpus californicus, yana ɗaukar ƙwayar cutar bairos mai sa ɗigo-ɗigo da zobba a ganyen okid, wadda aka fara bayaninta a Japan a 1969. Cutar bairos a tsiro ba ta da maganin feshi.

Wani kuma, Brevipalpus phoenicis, kusan dukkansu mata ne. A 2001 masana a Jami'ar Amsterdam suka nuna a mujallar Science cewa matan nan kwafi ɗaya ne da su na ƙwayoyin gado, wato a asali maza ya kamata su zama, wata bakteriya da ke zaune a jikinsu ce ke juya su mata. Da aka ba su maganin kashe bakteriya, sai maza suka fara fitowa.

* * *

Babban maharbin jan gizo-gizo ɗan'uwansa ne, Phytoseiulus persimilis, mai ruwan lemo, mai dogayen ƙafafu, mai gudu. Ba shi da ido ko ɗaya. Da sansano da taɓa zare yake farauta, kuma babba yana cin manya biyar ko ƙwai ashirin a yini. Ga inda labarin ya dawo kan okid: a 1958 ya isa Jamus daga Chile ba da nufin kowa ba, a maƙale da saiwoyin okid da aka yi safara. Daga nan aka hayayyafa shi aka rarraba. A 1967 wani manomin kokwamba a Holan, Jan Koppert, wanda magungunan feshi suka hana shi lafiya, ya sa wannan maharbi a rumfarsa ta gilashi. Kamfanin da ya kafa har yau yana sayar da shi a kwalba zuwa ƙasashe masu yawa.

A ɗakin zama dai yana da iyaka. Yana son laima sama da kashi 60, zafin da ya wuce digiri 30 yana karya shi, ba ya kula masu bajajjen jiki, kuma idan ya cinye abincinsa yunwa ce ke kashe shi. Neoseiulus californicus ya fi jure fari, yana kuma iya riƙe rai da garin fure. Wanda ya saki maharbi sai ya ajiye feshi.

Yaya maharbi makaho yake gano ganyen da ke da abinci? Tsiron ne ke kiransa. Maurice Sabelis da Marcel Dicke a Holan sun nuna tun shekarun 1980 cewa waken lima da jan gizo-gizo ya fara ci yana fitar da wani ƙanshi na daban, maharbin kuma yana bin sa. Ɗaya daga sinadaran ƙanshin shi ne wanda hanci ke ji a man zafi na shafa wa gaɓoɓi.

Manoman rogo na Afirka ma sun ci moriyar dabarar sakin maharbi. Koren ɗan'uwan jan gizo-gizo, Mononychellus tanajoa, ya ɓulla a Uganda a 1971 daga Kudancin Amurka ya bazu. A 1993 cibiyar binciken noma ta IITA ta saki wani maharbi daga Brazil, Typhlodromalus aripo, a Jamhuriyar Benin, ya yaɗu zuwa ƙasashe fiye da 20. Yana yini a ɓoye cikin tohon rogo, da dare ya sauko farauta.

* * *

A ganina babu abin da ya kai ruwa a wannan yaƙi, kuma shi aka fi rainawa. A kai tukunya wurin famfo, a karkata ta, a wanke bayan kowane ganye da ruwa mai ɗan ɗumi, a bi da yatsa ko tsumma mai laushi. Wannan kaɗai yana kwashe manya da ƙwai da saƙa, kuma babu ƙwaron da ya taɓa koyon jure wanki. A yi shi da safe. A tsane ruwan da ya kwanta a tsakiyar Phalaenopsis da auduga, domin ruwan da ya kwana a nan yana ruɓar da zuciyar furen, wannan kuwa ya fi ƙwaron saurin kisa.

Sabulun feshi da man feshi ba guba ba ne: sabulu yana lalata fatar ƙwaron, mai yana toshe masa numfashi, don haka sai sun taɓa jikinsa suke aiki. Kashi ɗaya cikin ɗari, wato ƙaramin cokali biyu a lita ɗaya, shi ne ma'aunin da aka saba. Ba a fesawa cikin rana ko lokacin da zafi ya haura digiri 30, ba a fesa wa furen kansa, ba a haɗa mai da farar wuta ko a bi ɗaya da ɗaya cikin 'yan makonni, kuma garin sabulun wanki yana ƙona ganye. Sifirit na asibiti a jikin auduga yana aiki a ganye mai kauri. Ko wanne ne, a gwada a ganye ɗaya tukuna.

Man darbejiya yana cikin waɗanda masu okid a Turai da Amurka suke saye da tsada a 'yar kwalba. A Sudan ne, a 1959, masanin Jamus Heinrich Schmutterer ya lura fara ta cinye komai ta bar darbejiya, abin da ya buɗe ƙofar binciken zamani a kanta. Ga jan gizo-gizo dai, yawancin aikin man toshe numfashi ne, sai kuma rage masa ci da ƙwai.

Feshi ɗaya ba ya gamawa. Ƙwai yana tsira, kuma cikin kwana uku zuwa biyar ya ƙyanƙyashe idan akwai ɗumi. Sai a maimaita duk bayan kwana huɗu zuwa bakwai, sau uku ko huɗu, don a tari 'ya'yan kafin su fara nasu ƙwan. Da yawa daga cikin waɗanda suke cewa magani bai yi ba, a zagaye na farko suka tsaya.

Abamektin, ɗaya daga magunguna masu ƙarfi da manyan masu rainon okid ke amfani da su, daga wata bakteriya ya fito, wadda Satoshi Ōmura ya samu a ƙasar da aka ɗebo kusa da filin wasan golf a Kawana ta Japan. Daga gida ɗaya suka fito da ibamektin, wato Mectizan da ake rabawa kyauta tun 1987 don cutar makanta ta bakin kogi, har a ƙauyukan Nijeriya. Ōmura da William Campbell sun samu lambar Nobel a kan wannan a 2015. Abamektin yana ratsa ganye ya iske mai tsotso, amma ba ya kashe ƙwai, kuma guba ne da bai dace a fesa inda ake kwana ko inda yara ke wasa ba. Masu kashe ƙwai kuma, hekzitiyazos da kulofentezin da etokzazol, sunansu uku amma wuri ɗaya suke bugu a jikin ƙwaron. Wanda ya jure ɗaya yakan jure sauran, don haka sauyawa tsakaninsu ba sauyi ba ne.

Masu noman rani a ƙasar Hausa sun san wannan dangi a tumatir da gauta, musamman idan hunturu ya busar da iska, ƙura ta lulluɓe ganye. Ƙura tana hana maharba yawo. Jan gizo-gizon tumatir, Tetranychus evansi, shi ma baƙo ne daga Kudancin Amurka, an gan shi a Zimbabwe a 1979, yanzu ya iso Afirka ta Yamma har da Nijar. Mai okid a Kano ko Yamai, daga Nuwamba zuwa Maris ne ya fi bukatar goge ganye da nisanta tukunya daga iskar na'urar sanyaya ɗaki. Farantin tsakuwa da ruwa da ake ajiyewa ƙarƙashin tukunya kaɗan yake ƙara wa laimar ɗaki. Tara tukwane wuri ɗaya da na'urar fesa tururi sun fi shi tasiri.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a shafa farin ƙyalle a bayan ganye mako-mako. Idan ya fito da zane ja-ja ko ruwan ƙasa, akwai su, ko masu saƙa ko marasa saƙa. Gilashin ƙara girma mai ninki goma yana nuna masu saƙa da ƙwansu, masu bajajjen jiki kuwa sai mai ninki ashirin. Sabon fure da aka sayo ko aka kawo kyauta, a ajiye shi a wani ɗaki na mako uku zuwa huɗu ana dubawa kafin ya shiga cikin sauran. Yankakken fure na kwalliya ma, musamman wardi, yakan shigo da su, don haka kada a ajiye shi kusa da tukwanen.